Ƙofar da Aka Rufe a 1960: Nazarin Yadda Fim Ɗin Psycho Ya Isa ga 'Yan Kallo

Ranar 16 ga Yuni, 1960, a ƙofar gidajen sinima biyu na birnin New York, DeMille da Baronet, an yi abin da 'yan kallon Amurka ba su saba gani ba. Mutum ya zo da kuɗinsa a hannu, ga kujeru a ciki, amma a ce masa ya koma layi ya jira domin an riga an fara fim. Ko da minti biyar ya makara, sai dai ya haƙura zuwa zagaye na gaba. A bakin ƙofa ga ƙaton hoton kwali na wani dattijo mai tumbi, sanye da kwat, yana nuna agogon hannunsa. Alfred Hitchcock ke nan, daraktan fim ɗin, fim ɗin kuma shi ne Psycho.

Duk wanda ya zauna koyon aikin fim da gaske, a aji ne ko a bayan wani gwani, da wuya a ce ba a taɓa ajiye masa fitowar kisan banɗaki ta wannan fim a gaba ba, a ce ya ƙirga sau nawa aka yanka hoto, ya lura da inda aka dasa kyamara. Karatu ne mai amfani, ni ma ta nan na shiga. Amma da na daɗe ina komawa kan fim ɗin, sai na gane an bar rabin darasin a waje, a bakin titi, inda mutane suke tsaye a layi. Abin da aka ɗauka da kyamara da yadda aka shigar da jama'a ɗakin kallo shiri ɗaya ne, kai ɗaya ne ya ƙulla su. Wannan ƙullin nake so in warware.

Kasuwar da fim ɗin ya tarar

Sai an san yadda ake kallon fim a Amurka a wancan zamani kafin a gane nauyin abin da Hitchcock ya nema. Yawancin gidajen sinima ba su da wani lokacin farawa da ya dami kowa. Injin majigi yana juyawa tun rana har dare: labaran duniya, ɗan gajeren katun, tallan finafinai masu zuwa, fim na ɗaya, fim na biyu, sannan a koma farko. Mutum yana wucewa sai ya yanki tikiti ya faɗa ciki, ya tarar da labari a tsakiya, ya kalla har ƙarshe, ya zauna a sake farawa, idan an iso inda ya tarar sai ya taɓa na kusa da shi su tashi. Babu mai ganin aibin haka. Finafinan da ake kafa wa lokaci, a sayar da kujera da lamba, su ne manyan nan masu tsada irin Ben-Hur na 1959, waɗanda sai an shirya an yi kwalliya ake zuwa kallonsu.

Kasuwar kuma tana cikin ƙunci. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta kai Paramount da sauran manyan kamfanoni. Hukuncin ya kai ga raba su da gidajen sinima da suka mallaka, ya kuma hana su ɗora wa mai gidan kallo ƙunshin finafinai dole, mai kyau da maras kyau a ɗauri ɗaya. Daga nan kamfani ya koma mai kawo kaya kawai, mai sinima shi ke da ƙofarsa, shi ke da ta cewa a kanta. Ga kuma talabijin da ta shiga ɗakunan mutane: zuwa 1960 kusan gida tara cikin goma suna da akwati. Yawan masu zuwa sinima a mako ya zube zuwa kusan rabin yadda yake bayan Yaƙin Duniya na Biyu. To, mai sinimar unguwa da yake kallon kujerunsa wayam, shi za a je a ce wa ya mayar da mai kuɗi baya. Dole ya ga kamar so ake a ƙarasa masa kasuwa.

Waɗanda ba su daina zuwa ba, da yawansu matasa ne, musamman a filayen nan da ake kallo daga cikin mota, waɗanda suka haura 4,000 a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ke tafiya a wajensu kuwa shi ne finafinan ban tsoro masu arha. Wani darakta, William Castle, ya yi suna da dabarun jan hankali: a fim ɗinsa na 1958 kowane mai tikiti ana ba shi takardar inshorar dala 1,000 ko da tsoro zai kashe shi, a wani na 1959 kuma ya sa aka liƙa ƙananan injuna a ƙarƙashin wasu kujeru don su girgiza mai zama. Hitchcock yana lura da duk wannan. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: me zai faru idan gwani ne ya yi irin wannan fim mai arha?

Kuɗi kaɗan, iko da yawa

Shekarun Hitchcock 60 a lokacin, ɗan Ingila ne da ya koma Hollywood tun 1939. Fim ɗinsa na baya, North by Northwest, mai kala ne, da manyan jarumai, ya lashe miliyoyin daloli. Irinsa Paramount, kamfanin da zai yi wa fim na gaba, take so ya sake yi. Sai ga shi ya zo da wani ɗan littafi na Robert Bloch da ya fito a 1959, wanda ya sayi haƙƙinsa a kan ƙasa da dala 10,000 ba tare da an bayyana sunan mai saye ba. Shugabannin kamfanin suka ga labarin ya yi muni da yawa, suka ƙi ba da kuɗin da suka saba bayarwa.

Sai ya sauya ciniki. Ya ce zai ɗauki nauyin aikin ta kamfaninsa, Shamley, su kuma su rarraba kawai. Ya yafe ladansa na darakta, dala 250,000, a madadinsa ya karɓi kashi 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin. Ya ɗauko ma'aikatan shirinsa na talabijin, mutanen da suka saba gama aiki cikin kwanaki kaɗan, har da mai ɗaukar hoto John L. Russell, aka yi ɗaukar a harabar Universal daga Nuwamba 1959 zuwa farkon Fabrairu 1960. Baƙi-da-fari aka yi shi. Duka-duka kuɗin da ya ci bai wuce dala 800,000 da 'yan kai ba.

Wannan cinikin ya fi ƙarfin a ambace shi a wuce. Daraktan da aka biya lada ya gama nasa ranar da ya miƙa fim, abin da ya biyo baya na masu rarrabawa ne. Wanda ke da fiye da rabin kaya kuwa yana da bakin magana a kan yadda za a kai shi kasuwa, kuma kowane tikiti da aka yanka aljihunsa ya shafa. Da Paramount ta ba da kuɗi tun farko, ina kyautata zaton da dokar ƙofa ba ta samu mai tsaya mata da wannan naci ba.

Kashi na farko: yadda aka ɗaure mai kallo

Labarin ya fara da Marion Crane, sakatariya a wani ofishin dillancin gidaje a Phoenix ta jihar Arizona. Janet Leigh ce ta fito a matsayinta, kuma fuskarta ce babba a jikin fasta. Tana son wani mutum da bashi ya yi wa katutu, ba halin aure. Ranar Juma'a maigidanta na ofis ya ba ta dala 40,000 ta kai banki. Maimakon banki sai ta haɗa jaka ta kama hanyar California.

Abin lura a nan shi ne yadda kyamara ta manne mata. Salon mai sauƙi ne a faɗa: a nuna fuskarta, a nuna abin da take gani, a dawo kan fuskarta. Tana tsaye a mahaɗar titi, maigidanta ya zo tsallakawa, ya gan ta, ya yi murmushi, ya wuce, sai ya juyo da alamar tambaya a fuska. Mai kallo ya gan shi daga inda take zaune, don haka gabansa ne ya faɗi tare da nata. Ta kwana a mota a gefen hanya, da safe aka ƙwanƙwasa gilashi, sai ga fuskar ɗan sanda ta cika allo, da baƙin tabarau, ba a ganin idonsa. Bai yi mata tsawa ba, bai taɓa ta ba. Kallo kawai. An ɗauki yawancin fim ɗin da gilashin kyamara mai milimita 50, wanda ke nuna abubuwa kusan yadda idon mutum ke ganinsu, ba ya faɗaɗa ɗaki, ba ya jawo nesa kusa, shi ya sa mai kallo yake jin kamar shi ma yana cikin motar. Tana tuƙi da dare, muna jin muryoyin da take rayawa a ranta, abin da maigida zai ce, abin da mai kuɗin zai ce. Wanda aka shigar da shi har cikin tunanin mutum, ya riga ya zama abokin sirrinsa, ko ya so ko bai so ba.

Sai kuɗin. Kyamara ba ta gajiya da komawa kansu: ga ambulan a kan gado tana shirya kaya, ga shi a jakar hannu, ga ta tana ƙirga dala 700 a ɓoye don ta sauya mota, ga sauran an naɗe a cikin jarida an ajiye a kan ƙaramin teburin gefen gado. Ana koya wa mai kallo, a hankali, cewa wannan labarin sata ne, tambayarsa ita ce ko za a kama ta.

Ruwan sama ya kore ta daga babbar hanya zuwa wani masauki mai ɗakuna 12, duk babu kowa, tun da aka karkatar da titi ya bar wajen. Mai kula da shi matashi ne mai kunya, Norman Bates, wanda Anthony Perkins ya fito a matsayinsa. A kan tudu akwai tsohon gida, ana jiyo muryar mahaifiyarsa tana faɗa. Suka zauna a wani ɗan falo da ke cike da tsuntsayen da aka busar aka kafe a bango, suka yi hira mai tsawo a kan yadda kowa ke faɗawa tarkon da ya haƙa wa kansa. A nan Marion ta yanke shawarar komawa ta mayar da kuɗin. Ta koma ɗaki, ta yi lissafin abin da ta kashe a takarda, ta yayyaga, ta zuba a masai ta ja ruwa (abin da ba a saba nunawa a manyan finafinan Amurka ba a lokacin), sannan ta shiga wanka.

A ganina nan ne gwanintar take, kafin wuƙa ta fito. Ta tuba. Mai kallo ya yi ajiyar zuciya, ya saki jiki, ya ce to yanzu saura mu ga yadda za ta gyara ɓarnarta. A daidai lokacin da ya sauke garkuwarsa, kusan minti 47 da fara fim mai tsawon minti 109, aka kashe matar da ya ɗauka ita ce labarin.

An kwashe mako guda ana ɗaukar wannan fitowa a Disamba 1959. Ƙididdigar da aka fi yarda da ita ta ce an dasa kyamara a wurare 78, an yanka hoto sau 52, alhali harin kansa bai wuce daƙiƙa 45 ba. Idan aka tsayar da hoton ana bi ɗaya bayan ɗaya, abin mamaki ne yadda kaɗan ne aka nuna: hannu ya ɗaga, baki a buɗe, ruwa na zuba, inuwa a bayan labule, ƙafafu. Ruwan cakulan ne ya tsaya a madadin jini, domin a baƙi-da-fari ya fi jan fenti fitowa. Ƙarar sukan kuwa wuƙa ce ake cakawa a jikin wani nau'in kankana. Hitchcock da farko ya so a bar wajen babu kiɗa, amma mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya rubuta nasa duk da haka, da kayan kiɗa masu tsirkiya zalla, babu ganga babu ƙaho, sauti mai kaifi kamar ihu. Da darakta ya ji sai ya janye maganarsa. Idon mai kallo ya ga gutsattsari, kunnensa ya ji sara, ƙwaƙwalwarsa ta haɗa sauran da kanta. Mutane da yawa sun fita suna rantsuwa sun ga abin da babu shi a hoton.

Motar da ta tsaya a taɓo

Fitowar da na fi so a koya wa ɗalibi ita ce wadda ta biyo baya, wadda ba kasafai ake maganarta ba. Kyamara ta bar idon gawar, ta zagaya ta tsaya a kan jaridar da kuɗin ke ciki, kamar tana tambaya: to wannan fa? Sai Norman ya rugo daga gida, ya ga abin da ya faru, ya toshe bakinsa da hannu. Daga nan mintuna masu yawa babu magana. Ya ɗauko bokiti da abin goge ƙasa, ya wanke bango, ya naɗe gawar a labulen wanka, ya sa a but ɗin mota, ya tattara kayanta. Har ya fita, ya dawo ya hangi jaridar, ya ɗauka ya jefa a but ba tare da ya san me ke ciki ba. Kuɗin da aka sa mu gadi tun farkon fim sun tafi a banza.

Ya tura motar cikin wani kududdufi mai taɓo, ya tsaya yana kallo yana tauna alewa. Mota na nutsewa, na nutsewa, sai ta tsaya cak, rufinta a waje. Ya daina tauna. Ya waiga hagu da dama. A wannan ɗan taƙin, kusan duk mai kallo yakan tsinci kansa yana cewa a zuci: nutse mana. Da ta ƙarasa shigewa sai a ji sanyi. Minti goma da suka wuce muna tare da wadda aka kashe, yanzu ga mu muna taya mai ɓoye gawarta fargaba. Ba a roƙe mu ba, ba a yi mana bayani ba. An dai ƙwace mana wanda muke bi, aka bar mu babu madafa, sai aka miƙo mana mutum ɗaya tilo da ke da aiki a gabansa da kuma tsoron kada asirinsa ya tonu. Mai kallo ba ya iya zama babu wanda yake bi, kuma duk mai shirya fim ɗin zullumi da ya san haka ya riƙe linzami.

A hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut a 1962, Hitchcock ya bambance razana da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutum biyu suna hira bam ya tashi ba zato, an razana mai kallo na 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna masa lokacin da aka dasa bam ɗin, ga agogo yana tafiya, to hirar banza ma sai ta zama abin da zuciya ke dukan uku-uku a kanta na tsawon mintuna. Kisan banɗaki razana ce tsantsa, irin wadda shi da kansa yake ganin ba ta kai zullumi daraja ba. Amma ya yi amfani da ita sau ɗaya don ya dasa bam a sauran fim ɗin gaba ɗaya. Daga nan duk wanda ya doshi gidan kan tudu, Arbogast ne, mai binciken da aka turo neman kuɗin, ko 'yar'uwar Marion, mai kallo ya san abin da shi bai sani ba. Tashin hankalin da ake nunawa a allo raguwa yake yi yayin da fim ke tafiya, na cikin ɗakin kallo kuma ƙaruwa.

Ba na cewa aikin ba shi da rauni. Kusa da ƙarshe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa da aka tsayar yana dogon jawabi yana fassara abin da ido ya riga ya gani, kuma duk lokacin da na iso wajen sai in ji fim ɗin ya huce. Asirin ƙarshen kansa ba zan faɗe shi a nan ba, saboda wanda bai kalla ba.

Dokar ƙofa

Yanzu a ɗauki wannan gini a ajiye shi a gidan sinimar da ake shiga kowane lokaci. Mutum ya shigo a minti na 50 don ya ga Janet Leigh, ya zauna har ƙarshe bai gan ta ba, zai fita yana cewa an cuce shi. Wannan shi ne dalilin da Hitchcock ya bayar da bakinsa. Akwai wanda ya fi shi muni: wanda ya shigo a tsakiya zai ga ƙarshe kafin ya ga farko. Idan aka sake farawa, ya san kuɗin ba komai ba ne, ya san makomar matar, ya san abin da ke cikin gidan kan tudu. Duk tarkon da aka kwashe minti 47 ana ɗanawa, a buɗe zai tarar da shi. Saboda haka rufe ƙofa wani ɓangare ne na aikin haɗa hoto, sai dai a hannun mai yankan tikiti aka yi shi.

Tunda kamfani ba shi da ikon ba da umarni ga gidajen da ba nasa ba, sai aka mayar da abin sharaɗin karɓar fim. Aka aika wa manajoji ɗan littafin jagora da ke bayanin yadda za su tsara layi, su sanar da lokutan farawa, su lallashi wanda ya fusata. Aka naɗi muryar Hitchcock ana sa wa masu jira ta lasifika. Wata sanarwa ta ce ba za a bar kowa ya shiga ba bayan an fara, ko ƙanin manaja ne, ko shugaban Amurka, ko Sarauniyar Ingila. Wata kuma tana roƙon kada a faɗa wa kowa ƙarshen labarin, domin shi kaɗai suke da shi. Har bayan an gama an yi tanadi: a ja labule a bar ɗakin cikin duhu na rabin minti kafin a kunna fitila, don abin ya zauna a ran mutane. An hana Leigh da Perkins zagayen hira da 'yan jarida da aka saba yi. Tallan fim ɗin ma, mai tsawon fiye da minti shida, darakta ne kawai yake zagayawa da mu cikin masaukin da gidan, yana fara magana yana katsewa.

Ba shi ne ya ƙirƙiro dabarar ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Henri-Georges Clouzot ya yi irinta a Faransa da fim ɗinsa Les Diaboliques na 1955, wanda ya ƙare da rubutu a allo yana roƙon 'yan kallo kada su ɓata wa abokansu. Abin da Hitchcock ya ƙara shi ne girman aiwatarwa, da kuma fuskarsa. Tun 1955 yake shiga gidajen mutane kowane mako ta talabijin yana gabatar da shirinsa da barkwanci, don haka da hotonsa ya ce a jira, mutane sun ɗauke shi kamar wasa ne da wani sananne ya gayyace su. Akwatin da ke kwashe wa sinima jama'a, shi ne ya gina masa amincin da ya dawo da su da shi.

Masu gidajen kallo sun yi ƙorafi da farko, amma gani ya kori ji. Layuka suka miƙe a gefen titi, kuma layi talla ne da ba a biya ba: mai wucewa ya ga mutane tsaye sai ya tambayi me ake yi. Waɗanda suka gama kallo suna fitowa ta gaban masu jira, fuska a firgice, ana dariyar huce tsoro, an ƙi faɗin komai. Mai jira ya shiga da rabin fargabarsa a shirye. Sannan akwai abin da tsohon tsarin ba ya iya bayarwa: ɗaki cike da mutanen da duk suke wuri ɗaya a labari, babu wanda ya riga wani sani. Idan ihu ya tashi, gaba ɗaya yake tashi. Daga New York fim ɗin ya wuce wasu manyan birane, a watan Satumba ya bazu ko'ina, har ƙananan garuruwa da filayen kallo a mota, ya kuma maido da kuɗin da aka kashe ninki fiye da goma.

Me 'yan kallo suka saya?

Masu sharhi ba a yi musu kallo na musamman ba, da jama'a suka bi layi, kuma da yawansu ba su ji daɗin fim ɗin ba. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya karɓe shi da sanyin jiki, amma kafin shekara ta ƙare ya sa shi cikin finafinai goma da ya fi yabawa. Jama'a ne suka riga masu sharhi, ba su jira a ba su izini ba. Akwai misalin da ke nuna irin haɗarin da aka kauce wa. Watanni biyu kafin fitowar Psycho, a Landan, Michael Powell, darakta mai daraja, ya fitar da Peeping Tom, shi ma labarin mai kisa ne. 'Yan jarida suka gani, suka yi masa kaca-kaca, fim ɗin bai daɗe a gidajen kallo ba, aikin Powell a Ingila kuma bai sake miƙewa ba. Bambancin bai tsaya a kan wanda ya fara gani ba. Powell ya nuna mai kisan tun farko, ya sa mai kallo leƙe ta cikin kyamararsa, ya bar shi da jin kunyar kansa. Hitchcock ma ya sa mai kallo cikin laifi, kamar yadda muka gani a bakin kududdufi, amma ya naɗe abin da wasa da asiri, mutum ya fita yana da wani abu a baki da yake ɗokin ɓoyewa.

Abin da wannan lamari ya nuna mini game da mai son fim ɗin zullumi shi ne, ba ya ƙin a yaudare shi, shi ma abin da ya biya kuɗi a yi masa ke nan. Sharaɗinsa ɗaya ne: idan ya waiwaya ya ga an yi masa adalci, alamun suna nan, shi ne bai lura ba. Wanda ya koma kallo na biyu zai ga dalilin da ya sa kyamara ta haye sama tana kallon matakala daga rufi a wasu wurare, zai ji ma'ana ta biyu a maganganun ɗan falon tsuntsaye. Haka kuma bai ƙi a wahalar da shi a ƙofa ba, muddin abin da ke ciki ya biya bashin jiran. Injunan da Castle ya liƙa a kujeru ƙari ne daga waje, ana iya cire su fim ya tsaya yadda yake. Dokar ƙofar Psycho daga cikin labarin ta tsiro. Masu kwaikwayo da suka biyo baya a shekarun 1970 da 1980 da yawansu wuƙar suka ɗauka, suka ƙara jini, suka bar haƙurin minti 47 ɗin nan, kuma ina ganin asara ce ga wannan nau'in fim.

Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu, bai ci ko ɗaya ba. Shi ne na ƙarshe da Hitchcock ya yi wa Paramount. Tsarin kafa lokacin farawa kuma a hankali ya zama ruwan dare a gidajen sinima, ko da yake dalilai da yawa ne suka taru suka kawo haka, ba fim ɗaya ba.

A Disamba 1998 aka yi wani gwaji da ba kasafai ake samun irinsa ba. Darakta Gus Van Sant ya sake yin Psycho ga kamfanin Universal, kusan ɗauka bayan ɗauka, da rubutun Joseph Stefano na asali, da kiɗan Herrmann, sai dai mai kala ne, da sababbin jarumai, kuɗin satar kuma an mayar da su dala 400,000. Wuraren dasa kyamara su ne, yankan hoto shi ne, motar ma ta tsaya a taɓo kamar da. Aikin ya ci kusan dala miliyan 60, abin da ya tara a gidajen sinima na duniya bai kai miliyan 40 ba. Kusan duk wanda ya yanki tikiti a wannan karon ya riga ya san abin da zai faru idan matar ta ja labulen wanka.